LINZAMIN ƊALIBI: Waƙar Nasiha ga 'Yan Jami'a tare da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam bai san kome ba, sa'an nan ya ba shi ji da gani da hankali don ya nemi sani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar waƙa ce mai baiti 30 da na tsara domin 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'in ƙasar Nijar da maƙwabtanta, na kuma bi ta da sharhi gajere don wanda bai saba da zancen waƙa ba ya fahimta. Abin da ya sa ni tsara ta shi ne, yaran da muke karantarwa a zaure yau, gobe su ne likitoci da alƙalai da masu riƙe da baitulmalin ƙasa. In zuciyarsu ta gyaru a shekarun karatu, jama'a ta huta. In ta ɓaci, to mu duka za mu sha ɗacinta. Na sa mata suna Linzamin Ɗalibi. Ina roƙon Allah ya sa ta zama domin zatinsa, ya amfani wanda ya karanta da wanda ya saurara.

FASALI NA FARKO: Buɗewa da kira

1. Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Gare shi yabo ne da duk godiya.

2. Salati ya tabbata gun Ɗan Amina,
Ma'aikin da yai mana kyan tarbiya.

3. Da alai, sahabbai, da dukkan waliyyai,
Da duk wanda ke bisa kan gaskiya.

4. Kiran ɗalibai na cikin jami'o'i
Nake yi, ku amsa da babbar murya.

5. Mutan Sai da Yamai, Maraɗi da Tawa,
Damagaram, Agadas, duk ku shirya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗana, Allah ya datar da ni da kai, garuruwan nan da na ambata kowanne akwai jami'a a cikinsa. Ta Yamai ita ce babbarsu. An dasa harsashinta a 1971, a 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin nan da ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken amfani da hasken rana. Jami'ar Musulunci ta Sai kuwa, an yanke shawarar kafa ta a taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974, ta buɗe a 1986, a garin da Alfa Mahaman Jobbo ya mayar matattarar malamai tun ƙarni na 19. A 2010 aka sami jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Wannan ni'ima ce da kakanninku ba su gani ba. Su da ƙafa suke tafiya wata da watanni don littafi guda. To kowace ni'ima akwai tambaya a bayanta.

FASALI NA BIYU: Gyaran niyya

6. Ka gyara nufinka gabanin karatu,
Da niyya ake fara duk tafiya.

7. Idan don albashi kaɗai za ka koya,
Ka ba da zinari, a ba ka aya.

8. Takarda shaida ce a gun 'yan Adam dai,
Ta'ala yana duba can zuciya.

Sharhi: Ba ina hana ka neman abin da za ka ci ba ne. Neman halal wajibi ne, kuma wanda ya riƙe iyalinsa da guminsa yana cikin ibada. Abin da nake nufi, kada albashi ya zama shi ne iyakar nufinka. Malamanmu sun raba ilmi gida biyu: farali ainin, wanda ya hau kan kowane mutum, da farali kifaya, wanda in wasu suka ɗauke ya sauka daga kan saura, in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Likitanci da lissafi da sanin noma duk suna cikin kashi na biyu, Imamu Gazali ya bayyana haka a farkon Ihya'u. Saboda haka mai karatun likita, in ya ƙudura a ransa cewa yana ɗauke wa al'umma wajibi ne, don mace mai naƙuda a ƙauye ta sami mai duba ta, to zamansa a aji lada ne, kwanan da yake yi kan littafi lada ne. Albashin kuma ba zai tsere masa ba. Wanda ya nufi kuɗi kaɗai, wahalarsu ɗaya da na farko, amma shi ya tashi da aya, ɗan'uwansa ya tashi da zinari.

Dubi shi Imamu Gazali kansa. Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 na zaune gabansa, sarakuna na girmama shi. Da ya binciki zuciyarsa sai ya ga son suna ya shiga cikin aikin. Abin ya dame shi har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. A 1095 ya bar kujerar ya fita, ya yi shekaru yana gyaran kansa, a cikinsu ya rubuta littafin da ake karantawa har yau. In malami kamar wannan ya ji tsoron niyyarsa, ina ga ni da kai?

FASALI NA UKU: Wajibi da wuridi

9. Sanin wajibi shi ake fara nema,
Gabanin a zurfafa can rijiya.

10. Ka tsai da biyar ɗin a kan lokacinsu,
Karatun da ba salla ya zam tsiya.

11. Ka ɗau lazimi, kar ka bar shi ya kwana,
Wazifa da zikiri su ne kariya.

Sharhi: Abin kunya ne a ce saurayi ya san sunayen ƙasusuwan jiki da Faransanci, amma bai san abin da ke warware alwala ba, bai san ƙabli da ba'adi ba. Littattafan nan ƙanana, Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ɗalibin jami'a mai kaifin fahimta zai iya sauke su gaban malami a hutu guda. Daga nan ya shiga Iziyya da Risala a hankali. Kada ka ce za ka karanta su kai kaɗai a cikin waya. Ilmin addini daga bakin malami ake ɗaukarsa, domin tare da shi ake ɗaukar ladabi. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, ranar da ta naɗa masa rawani ta tura shi wurin Rabi'atu, ta umurce shi ya fara koyon ladabin malamin kafin ilminsa.

Salla kuwa ita ce farkon abin da ke sakwarkwacewa in yaro ya bar gida. A gida uwa ke tada shi da asuba, uba ke tambayarsa ko ya yi la'asar. A ɗakin kwanan ɗalibai ba mai tada shi sai tsoron Allah. Nan ne ake sanin ko sallarsa ta da tasa ce ko ta iyayensa ce. Ka tsara karatunka a kan lokutan salla. In darasi ya ci azahar, ka yi ta da zarar an fito, kafin cin abinci da hira.

Amma wuridi, wanda ya karɓi ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya yarda da shi, ya san abin da ya ɗauka: lazimi safe da yamma, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Sai wazifa sau ɗaya a yini, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Lazimi bai fi abin da kake ɓatarwa wajen shan shayi ba. Dubi hikimar jerin: istigfari wanka ne, salati sutura ce, hailala shiga fada ce. Ba a shiga gaban Sarki da dauɗa. Wanda yake Baƙadire ya riƙi wuridin Shehu Abdulƙadiri, wanda bai shiga ɗariƙa ba ya riƙi zikirin safe da maraice da hizbinsa na Alƙur'ani. Kowa dai ya kasance yana da wani abu da ba ya bari, ko ran jarrabawa, domin kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa mai yankewa.

FASALI NA HUƊU: Horon nafsu

12. Akwai wani doki a ƙirjinka, ɗana,
Ka sa masa linzami har igiya.

13. Ana ce da shi nafsu, cinsa yabawa,
Ruwan shansa hassada ne da riya.

14. Ka nemi gwani wanda zai hore ma shi,
Marar lafiya bai wa kansa jinya.

Sharhi: Alƙur'ani ya ambaci rai da siffa uku: mai yawan umurni da mummuna, da mai zargin kanta, da natsattsiya. Tafiyar muridi duka ita ce tashi daga ta farko zuwa ta uku. Malaman tasawwufi sun ce a fara da tahalli, wato kwashe munanan halaye kamar yadda manomi ke sharar gona kafin ruwa ya sauka, sa'an nan a yi ado da kyawawa, sa'an nan Allah ya buɗe wa bawansa abin da ya so. Ba a shuka a kan ƙaya.

Ɗalibi yana da cututtukansa na musamman. Na farko girman kai: ya koma gida hutu yana gyara wa ubansa magana, yana ƙyamar tuwon da ya girma da shi. Na biyu hassada: abokinsa ya fi shi maki, ya kwana bai yi barci ba, har ya ɓoye littafin da zai amfani ɗan'uwansa. Na uku riya: ya tsawaita sujada in an sa masa ido, ya yi sauri in yana shi kaɗai. Maganin na farko hidima, ka share masallaci da hannunka, ka ɗebo wa mahaifiyarka ruwa. Maganin na biyu ka yi wa wanda kake hassada addu'a da sunansa, ka kai masa littafin. Maganin na uku ka sami wata ibada da ba wanda ya san da ita sai Allah. Kowane dare kafin ka kwanta ka yi wa kanka hisabi kamar yadda ɗan tireda ke ƙirga cinikinsa.

Ido ba ya ganin kansa, don haka ake neman shehi. Suratul Kahfi ta ba mu labarin Annabi Musa, mai girman daraja, ya yi tafiya mai wahala don ya bi wani bawan Allah ya koya, aka kuma shardanta masa haƙuri. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1975, tun yana saurayi ya tsara Ruhul Adabi kan ladubban muridi, kafin faila ta bayyana a hannunsa a 1929. Ladabi ya riga buɗi. Sai dai ka auna wanda za ka ba ragamarka da ma'aunin shari'a. Wanda ya ce maka ya kai matsayin da salla ta sauka daga kansa, ko idonsa na kan aljihunka, ko ya raba ka da iyayenka da karatunka, guje shi ko da yana tafiya a kan ruwa.

FASALI NA BIYAR: Tarkuna uku

15. Ka bar satar amsa a ran jarrabawa,
Gini ne ka ɗora a kan ƙarya.

16. Ka zaɓi abokin da zai tashi salla,
Ka bar wanda ke ja ka gun shan giya.

17. Wayar nan ta hannu baiwarka ce dai,
Idan ka sake ta zam sarauniya.

Sharhi: Wasu yara suna ɗaukar satar amsa wayo ne. Ka tuna ranar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya nisanta mai algus daga jama'arsa. Wancan hatsi kawai ya jiƙa. Kai kuwa da takardar sata za ka tsaya kan marar lafiya da wuƙa, ko ka gina gadar da mutane za su hau, ko ka yanke hukunci kan gonar marayu. Albashin da za ka ci shekara 30 da wannan takarda, ka tambayi kanka hukuncinsa. Faɗuwa da gaskiya ana maimaita shekara a wuce. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Aboki kuma, Hausawa sun gama magana: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda kuke ɗaki ɗaya da shi shekara uku ya fi malaminka tasiri a kanka. Ita ko waya, akwai tafsiri da littattafai a cikinta, akwai kuma abin da ido bai kamata ya gani ba. Alamar ta zama sarauniya ita ce ka duba ta kafin ka ambaci Allah da asuba, ko tasbaha na hannun dama ita tana hagu. Ka ajiye ta nesa lokacin wuridi da lokacin bita. Kuma kada ka tura labarin da ba ka tabbatar ba, domin giba da annamimanci hukuncinsu bai sauya ba don an yi su da yatsa.

FASALI NA SHIDA: Shugabanci

18. Jagoranci nauyi ne, ba shi ado ba,
Na gaba shi ke fara taka ƙaya.

19. Ka zam mai biya kan ka nemi a bi ka,
Liman ma ya taso a sahun baya.

20. Kujera idan ba a ba ka ba, bar ta,
Idan an ɗora ma, ka yi juriya.

21. Kuɗin ƙungiya garwashi ne a hannu,
Ka ƙirga a fili, ka sauke kaya.

22. Ka nemi shawara gun ƙanana da manya,
Tsinke guda bai zama tsintsiya.

Sharhi: Wannan fasali shi ne 'ya'yan itacen, waɗanda suka gabata saiwa ne da reshe. Wanda bai iya mulkin dokin ƙirjinsa ba, yaya zai mulki mutum goma? Shugabancin aji, da na ɗakin kwana, da na kwamitin masallaci, da na ƙungiyar 'yan gari ɗaya, nan ake koyon mulkin ƙasa. Halin da ka nuna kan kuɗin tabarmin masallaci shi za ka nuna ranar da aka ba ka ma'aikatar kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙuruciya ba ta hana shugabanci. Manzon Allah ya aiki Mus'abu ɗan Umairu, saurayi, ya je Madina ya karantar kafin hijira, a hannunsa manyan gari kamar Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta. Shi ne wanda ya fi samarin Makka ado a da, amma ranar da ya yi shahada a Uhudu, mayafinsa bai isa rufe kai da ƙafa tare ba. Ya kuma naɗa Usamatu ɗan Zaidu kan runduna yana ƙasa da shekara 20, a cikinta akwai manyan sahabbai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas, ya fara wa'azi yana da shekara 20. Amma lura, shekara 30 ya yi yana karantarwa kafin hijirar 1804. Da ƙasa ta zo hannunsa kuma, sai ya danƙa gudanar da ita ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma kan buzunsa da ɗalibansa. Shi Abdullahi, da ya ga son dawaki da tufafi ya fara shiga cikin jama'a, a wajen 1807 ya bar su ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsare shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da shari'a. Waɗannan kujera ce ke bin su suna gudu.

Abu Zarri ya nemi a ba shi wani muƙami, Manzon Allah ya nuna masa cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ce da ke zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai cika haƙƙinta ba. Abdurrahmani ɗan Samura kuma ya hane shi roƙon shugabanci, ya sanar da shi wanda aka ba bisa roƙo a kan bar shi da kansa, wanda aka ba ba da roƙo ba a kan taimake shi. Za ka ce, to yanzu ai zaɓe ake yi, dole mutum ya tsaya. Amsa ita ce, Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi kan rumbunan Masar da ya ga yunwa tafe, ba kuma wanda zai iya tsare su sai shi. Ya ambaci abu biyu game da kansa, tsarewa da sani. In 'yan'uwanka sun tura ka, ka kuma san kana da biyun nan, ka tsaya. Amma ba da sayen ƙuri'a ba, ba da ɓata sunan abokin takara ba. In ka faɗi, ka zama na farkon mai taimakon wanda ya ci.

Kuɗi kuwa, ko dala ce a rubuta ta, ranar shiga da ranar fita. Kada mai ajiya ya zama shi ne mai sa hannu. A karanta lissafi gaban jama'a kowane wata ko ba wanda ya tambaya. An ruwaito cewa Umaru ɗan Abdul'azizu yakan kashe fitilar baitulmali in zance ya koma kan sha'anin gidansa. Shawara kuma sunna ce. A Badar Manzon Allah ya karɓi ra'ayin Hubabu ɗan Munziru kan wurin sauka kusa da ruwa, a yaƙin Ahzabu ya karɓi na Salmanu kan haƙa ganuwa. Wanda wahayi ke sauka gare shi ya yi shawara, kai da me za ka ƙi?

FASALI NA BAKWAI: Haɗin kai

23. Hausawa, Zabarmawa, Abzinawa,
Fulani, Barebari, duk ku ɗaya.

24. Ka lura da mai ba ka kyauta da dare,
Yana so ya mai da ka ne kibiya.

25. Ku 'yan mata, ku ma kira ya iso ku,
Ku dubi Asma'u, ku ɗau hanya.

26. Ku bar yin husuma a ɗakin Ta'ala,
Ba a samun Allah da hayaniya.

Sharhi: Jami'a ce wurin da ɗan Difa ke kwana ɗaki ɗaya da ɗan Tilaberi. In kun koyi zaɓen shugaba don cancanta a nan, ƙasa ta tsira. In kun koyi zaɓe don yare, kun ɗauki cutar da za ku kai ofis.

Muryar ɗalibai tana da nauyi a ƙasar nan. Ƙungiyarsu ta USN tun 1960 take. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, Allah ya jiƙan su, abin da ya biyo baya kuma ya kai ga babban taron ƙasa na 1991. To abin da ke da nauyi haka, masu neman mulki ba za su bar shi ba su nemi saye ba. Neman haƙƙi halal ne, a nemi kuɗin tallafi da wurin kwana da malamai ta hanyar da ba ƙona dukiya, ba tare wa marar lafiya hanya. Amma shugaban da ya karɓi ambulan a ɓoye ya sayar da 'yan'uwansa, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Manzon Allah ya taɓa aiken wani karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Sai ya yi huɗuba a kai, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kome. Kyautar da kujera ta jawo ba taka ba ce. Kibiya kuma in an harba ta, maharbi ba ya tambayar inda ta karye.

'Ya'yana mata, duk abin da na faɗa ya shafe ku. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana ba su malfa, suna zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. Ta yi wannan duka cikin sutura da mutunci. Ku riƙe karatunku, ku tsare kanku. Duk wanda ya nemi ya sayar muku da maki da mutuncinku, ku ƙi, ku kai ƙara, kada ku yi shiru. Ku kuma samari, kariyarsu tana wuyanku.

Masallacin jami'a na kowane Musulmi ne. Za ka yi sahu da mai ƙablu da mai sadalu, da mai ɗariƙa da marar ita. Ka riƙe abin da ka karɓa daga malamanka da hujjarsa, in an tambaye ka ka amsa da ladabi, in an zage ka ka yi shiru. Saɓanin da manyan malamai ba su gama ba, ba ku za ku gama shi tsakanin magariba da lisha ba. Kyawun halinka shi ne hujjar da ba a iya rushewa.

FASALI NA TAKWAS: Cikawa

27. Idan kun gama, kui tuno da iyaye,
Da mai noma can ƙauye har maraya.

28. Ku san za a bar ta, kujera da suna,
Matafiyi ne kowa a duniya.

29. Ilahi ka shirye su, kai ne Mai iko,
Ka ba mu cikawa cikin lafiya.

30. Salati ga Manzo, da shi na rufe ta,
Talatin cikakku, a nan zan tsaya.

Sharhi: Ajin da kake zaune da gumin talaka aka gina shi, da harajin mai gero da mai albasa da mai kiwo, waɗanda 'ya'yansu da yawa ba su taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Bashi ne a kanka. In an tura ka aiki ƙauye, kada ka nemi hanyar zamewa. In tsoho ya zo ofishinka da takarda a hannu bai iya Faransanci ba, ka tashi ka ba shi kujera, ka yi masa magana da harshen da yake ji, ka sallame shi ba tare da ya ba ka goro ba. Wannan shi ne ɗiyan wuridin da ka yi shekara da shekaru.

Ina yi muku wasiyya da ku riƙa haɗuwa biyar-biyar ko goma-goma sau ɗaya a mako, ku karanta fasali guda na wannan waƙa, kowa ya faɗi inda ya ga rauninsa, ku riƙa juya jagorancin zaman a tsakaninku don kowa ya ɗanɗani ja da bi. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya daina zuwa sahu ya je ɗakinsa ya duba shi a asirce, wataƙila yunwa ce ko rashin lafiya.

Ya Allah ka tsare mana 'ya'yanmu a inda idonmu ba ya kai wa. Ka ba su ilmi mai amfani da zuciya mai tsoronka. Ka sa su zama shugabannin da talaka zai yi wa addu'a a bayan idonsu. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka zaunar da ƙasashenmu lafiya, ka ba mu damina mai albarka. Wanda ya karanta ya sa mai tsarawa cikin addu'a.

Wa sallallahu ala sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam. Tammat bi hamdillahi.